Mashin ɗina yana mutuwa a kan kwalta kamar mai ya ƙare, alhali akwai mai a tanki

Malamin Kalgo:

Assalamu alaikum. Jama'a, a taimaka mini da shawara kafin in sake kai ɗan abin da ya rage a aljihuna wurin gyara.

Mashin ne irin na China mai injin CG 125. Yayana ne ya saye shi sabo a 2012, ya yi ta aikin gona da shi, da zai koma Yauri ya bar mini. Da shi nake zuwa makarantar da nake koyarwa, da shi nake leƙa shinkafata a fadama, ranar da babu aiki kuma in shiga Birnin Kebbi. Ba ya shan baƙin mai, ba ya hayaƙi, kik ɗinsa har yanzu da nauyi a ƙafa. Shi ya sa ban yarda da masu cewa injin ne ya gaji ba.

Tun da damina ta ɗauke ya canza hali. Da safe ba ya tashi sai na ja cok, in kuwa na mayar da cok ɗin kafin ya yi zafi sosai, nan take ya mutu. Silo kam babu shi, ko a shataletale na tsaya sai ina murɗa totur kamar mai neman faɗa. Amma abin da ya fi ci mini tuwo a ƙwarya shi ne kan kwalta. In na ba shi wuta zai tafi lafiya na ɗan lokaci, sai ya fara shaƙewa yana fizga. Na sassauta hannu ya ɗan farfaɗo, na ƙara ya mutu. In na gangara gefen titi na ɗan jira, bugu ɗaya ya tashi kamar ba shi ba. A cikin gari, ina tafiya a hankali, bai taɓa yi mini haka ba.

Ga kuma wata. Wani lokaci in na kwantar da shi a zaure, da safe sai a tarar ƙasa ta jiƙe da fetur, yana ɗiga ta siririn tiyon nan da ke saukowa daga gindin kafireto. Uwargida ta riga ta kafa doka, ta ce ko mashin ya kwana a waje ko ita ta daina hura wuta a tsakar gida.

An canza fulogi. An wanke kafireto, ya yi lafiya kwana biyu ya koma gidan jiya. Yaron da ya wanke ya kuma juya wani ɗan sukuru a jikinsa, yanzu ba wanda ya san inda yake da. Wani ya ce in sayi sabon kafireto, wani ya ce kwayil ne, mai ba fulogi wuta. Albashin malamin firamare ba zai ɗauki a yi ta sayen kaya a kan ƙila-wa-ƙala ba.

Batun mai kuwa, lita ɗaya ko biyu nake sha, yawanci wurin masu galan na bakin hanya don su ne a kan hanyata, kuma kusan kullum makullin man yana kan rizab.

Matashin Argungu:

Malam, kada ka wahalar da kanka. Kafireton da ya haura shekara goma ya ci kuɗinsa. Sayi sabo a ɗaura maka, ka huta. Ni haka na yi wa nawa.

Bakanike a Jega:

Wa alaikumus salam, Malam. Kada ka sayi komai tukuna. Ƙanena na Argungu, in aka ɗaura sabo a kan tankin nan, kafin wata ya ƙare shi ma zai koyi halin tsohon.

Maganar da ka ajiye ƙarshe, Malam, ita ce kan gaba: lita ɗaya, man galan, makulli a rizab. Makullin mai yana da baki biyu a cikin tanki. Na ON dogon bututu ne da ke tsaye, yana shan man sama. Na rizab gajere ne, daga gindin tanki yake sha. Ruwa ya fi fetur nauyi, haka tsatsa, haka yashi, duk a ƙasa suke kwanciya. Wanda ke yawo a rizab kullum, dattin tanki yake ɗura wa mashin ɗinsa. Tankin ƙarfe kuma in ba a cika shi, iskar damina mai laima tana zama a ciki, dare ya yi sanyi ta zama raɓa a jikin ƙarfen, tsatsa ta kama. Tun da aka cire tallafin mai a Mayun 2023 irin aikin da ya fi zuwa garejina ke nan, domin babu mai cika tanki yanzu sai ɗaiɗai. Da can sai mashin ya shekara ban buɗe masa makullin mai ba.

Cuta uku ka lissafa, ni a ganina uwarsu ɗaya.

Mutuwa a kan kwalta: kofin da ke gindin kafireto ɗan ma'aji ne. A cikin gari inji yana shan kaɗan, ko mai yana saukowa da ƙyar zai ishe shi. Ka hau kwalta ka buɗe totur, sai ya riƙa sha fiye da abin da ke saukowa, kofin ya ƙafe, ya shaƙe. Jiran da kake yi a gefen titi ba hutawa injin yake yi ba, kofin ne yake cika a hankali. Zubar mai da dare kuma, a cikin kofin akwai fulot mai yawo a kan mai, da 'yar allura mai bakin roba da take toshe hanya in kofin ya cika. Ƙwayar tsatsa ɗaya ta maƙale a bakinta, ba za ta rufe ba, mai ya yi ta shiga har ya fita ta tiyon da ka gani. Rashin silo kuwa ƙaramin jet ne, wato ɗan noti mai rami da mai ke bi a cikin kafireto. Jet biyu ne a ciki, babba na gudu, ƙarami na silo, kuma ramin ƙaramin bai kai rabin milimita ba. Shi ne farkon toshewa. Cok yana tare iska ne don inji ya zuƙo mai da yawa, shi ya sa yake tashi da cok, ka mayar ya mutu. Yaron da ya wanke maka bai yi ƙarya ba, ya wanke. Sai dai datti na nan sama yana jiran layi.

Ga abin da za ka yi da hannunka, ba sai ka biya kowa ba. Ka sa sukurdireba a aljihu ka hau kwalta. Da zarar ya mutu, kafin ka yi komai, rufe makullin mai, sannan ka kwance sukurun da ke gindin kofin. In mai ya zubo sosai, to kofin a cike yake, maganata ta faɗi, mu nemi cutar a wuta. In 'yan ɗigo ne suka fito, an kama ɓarawo. Ka kula da salansa da zafin inji lokacin da kake wannan, ka tara wani abu, kada ya zuba a kansu.

In ka dawo gida, nemi farar kwalba ta gilashi, busasshiya. Zare tiyon mai daga jikin kafireto ka sa a ciki, buɗe makulli a ON, sannan a rizab. Mai ya kamata ya zubo a miƙe ba yankewa, kuma kada ka gamsu da zubar farko, ka bar shi ya ɗan jima, domin mai toshewa yakan fara da ƙarfi sannan ya koma ɗigo. Ajiye kwalbar ta natsa ka ɗaga ta a rana. Ruwa zai kwanta a ƙasa da iyakarsa a fili, tsatsa kuma ja-ja kamar garin barkono.

In ka ga haka, sai tanki ya sauka. A juye man, a kwance makullin gaba ɗaya, za ka ga 'yar raga a jikin bututunsa, wasu kuma suna da ɗan kofi a ƙasa mai tara datti. A wanke su. Tankin a zuba masa kananzir ko dizil kaɗan da tarin ƙananan notina, a toshe, a yi ta girgizawa ta kowane ɓangare, a zubar, a sake, har abin da ke fita ya daina ja. Ka ƙirga notinan kafin a zuba, ka ƙirga in an fitar. Sannan a ɗauraye da fetur mai kyau a shanya shi a rana baki a buɗe. In an ga huda, kada ka bari kowa ya kai masa wutar walda yana warin mai. Tankin da babu mai sai tururinsa ya fi cikakke haɗari.

Bayan nan ne za a taɓa kafireto. A kwance jet biyun a ɗaga su sama, sai ka hango haske zagaye ta cikin ramin. Kada a zura musu allurar ɗinki ko wayar ƙarfe, ƙarfen allura da waya ya fi jikinsu tauri, ramin zai buɗe, mashin ya koma shan mai har abada. Silin waya ɗaya na tagulla daga tsohuwar wayar lantarki ya isa, sai a kai wa mai faci ya hura musu iska, har da ƙananan hanyoyin da ke jikin kafireton kansa. Daga ƙarshe ka sayi 'yar filtar nan ta roba mai haske a sa a tsakiyar tiyo, kibiyarta na kallon kafireto.

Abu ɗaya kada ka manta. Tunda ya sha zubar da mai da dare, zaro ma'aunin baƙin mai ka sansana. Wani lokaci fetur ɗin ba ƙasa kaɗai yake zuba ba, yana gangarawa cikin inji ya tsinka baƙin mai. In ka ji wari ko ka ga ya ƙaru, juye shi. Kuma daga yau in ka ajiye mashin, rufe makulli. Hajiya tana da gaskiya.

Ɗan kabu-kabu, Kamba:

Oga na Jega ya gama magana, sai dai in ƙara abu guda da munka sha wuya da shi nan bakin iyaka. Malam, duba murfin tankinka. Akwai ɗan rami da iska ke shiga, in mai na sauka iska na maye gurbinshi. In ƙura ta toshe shi, ko an naɗa leda ƙarƙashin murfi don robar ta mutu mai na fantsama, to tanki shina riƙe man, alamun kuma iri ɗaya da wanga naka: gudu kaɗan, shaƙewa, jira, tashi. In ya mutu buɗe murfin ka kasa kunne. Ka ji ya ja iska, shi ne. Ko ka ɗan sassauta murfin ka yi tafiyar ka gani.

Man galan kuwa mu babu wanda za ya ba mu labarinshi. A Nuwamban 2019 da anka hana kai mai gidajen man da ke cikin kilomita 20 daga iyaka, mutanen Kamba da Dole Kaina sunka koma hannun 'yan bumburutu. Ba duka ba ne macuta, yawancinsu neman abinci suke yi. Matsalar jarka ce. Jiya an zubo dizil ko manja cikinta, yau fetur, ga ta nan bakin hanya rana da ruwan sama, mazurarin kuma na ƙasa cikin yashi. Ni da ƙyallena nike yawo, fari mai laushi, in shimfiɗa bisa mazurari kafin a zuba. Abin da za ka gani bisa ƙyallen sai ka riƙe baki. In kana shakkar man, ɗiga shi bisa farar takarda. Fetur tsantsa shina bushewa ba tabo, wanda anka gauraya da dizil ko kananzir shina barin maiƙo. Ko da yake yanzu kananzir ya fi fetur tsada, mai haɗa su sai wanda bai iya lissafi ba.

Kuma gidan mai ma ba aljanna ba ne. Ku tuna Fabrairun 2022, man da anka shigo da shi ƙasar mai yawan sinadarin metanol, har anka janye shi layi ya dawo. Kuma ko ba wannan ba, kada ka sha mai lokacin da tanka ke juyewa, dattin rijiyar duk ya taso.

Ɗalibin Poli, Birnin Kebbi:

Ranka ya daɗe Oga, na ƙaru ƙwarai. Amma ina neman izini in ɗan kare wanda ya ce kwayil, domin bai yi shirme ba. Kwayil ko akwatin si-di-ai (mai tsara lokacin wutar fulogi) da ya fara lalacewa yakan yi aiki da sanyi, ya yi zafi ya ɗauke wuta, ya huce ya dawo. Daga waje kamanninsu ɗaya da ƙafewar kofi. Bambancin a yadda yake mutuwa ne. Na mai yana shaƙewa a hankali, kuma sassauta totur yana farfaɗo da shi, kamar yadda Malam ya faɗa. Na wuta yakan yanke ne kwatsam ko ya riƙa harbi. Don haka ni ma na fi karkata ga mai, amma Malam ya tafi da tsohon fulogin a aljihu. In ya mutu, ya zare hular fulogi ya sa tsohon, ya jingina shi da jikin inji ya buga kik. Wuta shuɗiya mai ƙara tana nufin kwayil ya fita daga zargi. Sai dai ya yi wannan kafin ya zubar da man kofi, kada tartsatsi ya haɗu da fetur.

Sukurun da yaron ya juya kuma ana iya mayar da shi. Biyu ne. Mai sifirin babba da ke gefe, wanda ake juyawa da yatsa, na ɗaga silo ne kawai. Ƙaramin shi ne na gaurin mai da iska a silo. In yana ɓangaren inji na mai ne, kwancewa tana ƙara mai. In yana ɓangaren matatar iska na iska ne, kwancewa tana rage mai. A ɗaure shi a hankali har ya taɓa, ba da ƙarfi ba don bakinsa siriri ne yana karyewa, sannan a kwance zagaye ɗaya da rabi zuwa biyu. A tayar da inji ya yi zafi, a riƙa juyawa kaɗan-kaɗan har a sami inda ƙararsa ta fi tashi ta kuma daidaita, sai a sauke silo da babban zuwa wajen juyin inji 1,400 a minti. Wannan sukurun ba ya gyara gudu. Daga rufe zuwa kusan kwata na totur ƙaramin jet ne ke aiki, tsakiya doguwar allurar silaid ce (abin da totur ke ɗagawa a cikin kafireto), daga kashi uku cikin huɗu zuwa ƙarshe babban jet. Ka lura da inda hannunka yake lokacin da ya shaƙe, ka san inda za ka duba.

Tunda injin CG ne, a auna bawul ma, wato ƙofofin shigar mai da fitar hayaƙi. Honda ta fito da CG 125 a tsakiyar shekarun 1970 musamman don ƙasashen da ba a cika yi wa mashin sabis ba, shi ya sa yake da juriya, amma tazarar bawul ɗinsa 0.08 ce ta milimita, inji a sanyi, kuma in ta matse silo yana lalacewa ko kafireto sabo ne. Tazarar bakin fulogi 0.6 zuwa 0.7 ta milimita. Launinsa ma shaida ne: ruwan ƙasa lafiya, baƙi mai gawayi mai ya yi yawa, fari fat mai ya yi kaɗan.

Malamin Kalgo:

Allah ya saka wa kowa da alheri. Ga yadda ta kasance.

Ya mutu mini a hanyar Birnin Kebbi kamar kullum. Na buɗe murfin tanki, ban ji komai ba, leda ma babu. Tsohon fulogi ya ba da wuta shuɗiya. Na kwance sukurun kofi, abin da ya fito bai cika cokalin shayi ba. A gida kwalba ta nuna sauran: ruwa ja a ƙasa, kuma a rizab man ɗigowa yake yi kamar ana roƙonsa. Da muka zare makulli, ragar ta zama laka. Ni da babban ɗana muka girgiza tankin nan da notina har maƙwabta suka leƙo. Baƙin mai ma yana warin fetur, Oga, na juye shi.

Yanzu yana zuwa Birnin Kebbi ya dawo a wuta ɗaya, da safe kuma cok kaɗan yake so. Saura abu biyu. In na saki totur, ƙararsa ba ta sauka nan da nan, sai ta ɗan rataya sama sannan ta faɗo, salansa kuma yana 'yan harbe-harbe a gangara. Na biyu, jiya na manta ban rufe makulli ba, na tarar da ɗan danshi a bakin tiyon, ba kamar da ba dai. Da muka duba allurar fulot na ga kamar zobe ya fito a bakin robarta.

Bakanike a Jega:

Madalla, Malam. Zoben nan cin shekaru ne, wanki ba ya gyara shi. Zare allurar ka tafi da ita kasuwa a hannu, domin suna kama da juna amma tsawonsu ya bambanta. Ana sayar da ita ita kaɗai, ana kuma sayar da ita cikin ƙunshin kayan gyaran kafireto. In ƙunshin ka samu, ɗauki allura da gasket ɗin kofi, ka bar jet ɗinka na asali a inda suke, na cikin ƙunshi sau da yawa lambarsu ba ta dace ba. Girgiza fulot ɗin ma kusa da kunne, in ka ji mai a ciki ya huje, a canza.

Ratayewar silo da harbin salansa iska ce take shiga ta bayan gida. Duba robar da ta haɗa kafireto da inji. A mashin mai shekarun naka takan tsage ta ƙasa inda ido ba ya kaiwa, ko zoben robar da ke tsakani ya bushe, ko yaron bai ɗaure notinan daidai ba. Tayar da shi a silo, ka shafa giris mai kauri a kewayen robar. In ƙara ta canza ta daidaita, ka gano wurin, sai ka sayi sabuwa, giris ɗin na gwaji ne kawai. In robar lafiya take, ƙara wa ƙaramin sukurun mai kamar kwatan zagaye, yadda ɗalibinmu ya kwatanta.

Sannan buɗe akwatin matatar iska ka tabbatar soson yana nan, don yara da yawa suna cire shi su ce mashin ya fi gudu. Hunturu na tafe. Wanke shi da kananzir, matse ba murɗawa ba, ɗiga masa baƙin mai kaɗan ka sake matsewa. 'Yar filtar da ka sa kuma ka riƙa leƙa ta duk mako, tankin da aka wanke yakan ci gaba da sakin tsatsa na ɗan lokaci, in ta yi ja ka canza ta.